Zuwa Landan kallon wasan dandamali a ƙarshen mako: me ake fara saya?

Maman Yara, Manchester

Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidajen wasan kwaikwayo na Landan. Manya 2 ne da yara 3, masu shekara 12, 8 da 4, daga Manchester, kwana ɗaya ko biyu. Yaran The Lion King suke so. Me ake fara saya, tikitin wasan ko na jirgin ƙasa ko ɗakin otal? Kuma wasan rana ya fi ko na dare? Don Allah a yi mini dalla-dalla.

Ɗan Zazzau

Wa alaikumus salam Hajiya. Tikitin wasa tukuna, sauran su biyo baya. Jirgin Manchester zuwa tashar Euston ta Landan yana tashi akai-akai tun asuba, otal a Landan ba ya ƙirguwa, amma kujeru 5 a jere a layi guda ranar Asabar abu ne mai ƙarewa da wuri. Wanda ya fara biyan otal da jirgi ya ɗaure kansa da rana ɗaya, sai ya karɓi duk kujerar da ta rage a duk kuɗin da aka yanka masa, wani lokaci ma a raba iyalin, biyu a nan uku a can.

Wasan yana gidan Lyceum ne, kusa da Covent Garden, tun 1999 yake can. Tsawonsa wajen awa biyu da rabi har da hutun tsakiya. Na rana yana farawa 2:30, ya ƙare wajen 5:00. Na dare 7:30, ya ƙare wajen 10:00. Waɗannan lokutan biyu, na shiga da na fita, su ne ginshiƙin tafiyar. Ki rubuta su, ki jera komai a kansu.

Ɗan Jirgi

Na yarda da Malam Ɗan Zazzau, da sharaɗi ɗaya. Kafin a biya kuɗin wasan a leƙa shafin jiragen ƙasa na National Rail a ga ko an shirya aikin gyaran layin dogo a wannan ƙarshen makon. Asabar da Lahadi da ranakun hutun ƙasa ne ake yin irin wannan aiki, kuma akwai lokutan da ake rufe Euston ɗungurungum, musamman lokacin Ista. Tafiyar awa 2 da minti 10 sai ta koma awa 4, da sauka a hanya a hau motar bas. Tikitin wasa kuwa ba a mayar da kuɗinsa don jirgi ya makara. To a duba ukun lokaci guda, amma a biya bi da bi: wasa, jirgi, otal.

Tikitin jirgi mai arha shi ne wanda ake kira Advance. Yakan fito wajen mako 8 zuwa 12 kafin ranar, kuma na jirgi guda ne tak. In ya wuce ku, ya tafi da kuɗinku. Saboda haka kada a matse lokacin dawowa. In wasa zai ƙare 5:00, kada a yanki jirgin 5:40. Mutum wajen dubu biyu ne za su fito ta ƙofofi kaɗan, ga yaro mai neman banɗaki, ga tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa tashar Charing Cross, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Northern zuwa Euston. Jirgin 6:30 ko 7:00 ya fi kwanciyar hankali.

Ku sayi katin rangwame na Family & Friends. Yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya, kashi 60 cikin ɗari ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Kuɗinsa fam 30 da 'yan kai a shekara, kuma tafiya irin taku guda ɗaya takan fanshe shi. Ɗan shekara 4 kyauta yake shiga jirgi, sai dai ba shi da kujerar kansa, in jirgi ya cika a cinya zai zauna.

Hajiya Mai Lissafi

Ni maganar ɗan shekara 4 ɗin ce ta tsaya mini. Ƙa'idar wasan ita ce ba a shiga da yaro ƙasa da shekara 3, kuma shawararsu daga shekara 6 zuwa sama. To za a bar shi ya shiga, amma da cikakken tikitinsa, babu zancen goyo ko ɗauka a cinya. Abin da za ki auna shi ne ko zai iya zama sama da awa ɗaya a duhu kafin hutu. Sautin yana da ƙarfi, kuma akwai wurin da uban zakin yake mutuwa, ƙananan yara da yawa kan fashe da kuka a nan. In ya dami jama'a ma'aikata za su nemi a fita da shi, babba ɗaya ya yi asarar rabin wasa.

In dai za a je da shi, a zaɓi kujerun bakin hanya don fita ta yi sauƙi, kuma da shigarku ku nemi matashin da ake ɗora wa yara a kan kujera. Kyauta ne, amma yakan ƙare a wasan rana.

Maman Yara, Manchester

Na gode Hajiya. To kujerun fa? Na buɗe taswirar na ga launuka barkatai da sunaye, ban san na zaɓa ba.

Ɗan Zazzau

Yawancin gidajen West End, wato unguwar gidajen wasa ta tsakiyar Landan, tsofaffin gine-gine ne, da dama sun haura shekara ɗari, an gina su hawa-hawa. Ƙasa, gaban dandamali, shi ne Stalls. Benen farko Dress Circle, a Lyceum kuma Royal Circle ake ce masa. Na sama da shi Grand Circle ko Upper Circle. Wasu gidajen suna da na huɗu, Balcony, can kusa da rufi.

Inda mutane suke kuskure shi ne ɗaukar cewa ƙasa ya fi sama ko ta halin ƙaƙa. Layukan ƙarshe na Stalls suna ƙarƙashin benen farko ne, rufinsa yana datse saman dandamali, duk abin da aka yi a sama ba za a gani ba. Layi biyu ko uku na gaba kuma dandamalin ya fi ƙarfin idon yaro, wuya zai yi ta ɗagawa, ƙafafun 'yan wasa ma ba zai gani ba. Ƙasan Stalls ba shi da gangara sosai, in dogon mutum ya zauna gaban yarinya 'yar shekara 8, ƙeyarsa za ta kalla. Benen farko ya fi gangara, shi ya sa layukansa na gaba suka fi dacewa da yara, kuma shi ya sa suke da tsada.

Amma wannan wasan yana da abin da ya bambanta shi. A farkonsa dabbobin suna shigowa ne ta hanyoyin da ke tsakanin kujerun Stalls, har da giwa, su ratsa jama'a su hau dandamali. Yaron da ke bakin hanya a tsakiyar Stalls, dab da shi za su wuce. In aljihu zai ɗauka, nan zan ce.

Duk kujerar da aka rubuta wa restricted view, wato akwai abin da ke tare gani, ko ginshiƙi, ko ƙarfen kariya, ko kuma tana can gefe. Kafin biya a shiga shafin SeatPlan ko Theatremonkey a sa lambar kujerar. A na farkon akwai hotunan da masu kallo suka ɗauka daga kujerun kansu. Wata ginshiƙi ne siriri da ba ya hana komai, an rage mata kuɗi, riba ce. Wata kuwa kashi ɗaya cikin uku na dandamalin ba ya ganuwa.

Bakatsine

Ni fa ban goyi bayan sayen tikiti watanni kafin lokaci ba. Akwai rumfar TKTS a dandalin Leicester Square, ƙungiyar gidajen wasan Landan ce da kanta take gudanar da ita, tana sayar da tikitin ranar da ragi, wani lokaci har rabin kuɗi. Akwai kuma manhajar TodayTix, da safe wajen ƙarfe 10 ake sakin wasu kujeru na ranar a kan wajen fam 25 zuwa 30. Me zai sa a biya sama da fam 100 a kujera ɗaya alhali ga wannan?

Hajiya Mai Lissafi

Malam Bakatsine, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ga mutum ɗaya ko biyu da ba su damu da wane wasa za su gani ba. Tikitin safiyar nan yawanci biyu ne iyaka ga mutum guda, kuma cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. Rumfar kuma abin da bai sayu ba take ragewa. Wasan da yake cika kullum, ranar Asabar, lokacin hutun makaranta, ba shi da dalilin rage kuɗi. Ka ɗauko yara uku daga Manchester da alkawarin wasa guda, ka zo ka tsaya a layi a ce babu, me za ka ce musu?

Mai son arha da iyali, rana zai sauya, ba hanyar saye ba. Kuɗin kujera yana hawa yana sauka ne gwargwadon masu nema. Talata zuwa Alhamis sun fi Asabar sauƙi. Tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu kasuwa takan yi sanyi, har akan yi rangwamen sabuwar shekara a shafin Official London Theatre. Mafi tsada su ne makonnin Kirsimeti da gajerun hutun makaranta na tsakiyar Fabrairu, ƙarshen Mayu da ƙarshen Oktoba. Sai kuma Kids Week na lokacin dogon hutu, galibi cikin Agusta: yaro ɗan shekara 17 zuwa ƙasa yana shiga kyauta tare da babban da ya biya cikakken kuɗi, ƙarin yara biyu kuma rabin kuɗi. Tun wajen Yuni ake fara sayarwa, manyan wasanni kuma ranar farko suke ƙarewa.

Bakatsine

To, ga mai yara na sallama. Amma ma'aurata su biyu da za su kwana biyu, ina nan kan bakata: su sayi wasa ɗaya tun daga gida, su bar na biyu ga sa'ar ranar. Gidajen wasa wajen 40 ne a West End, ba za a rasa abin kallo ba.

Ɗan Zazzau

Wannan daidai ne. Abin da zan ƙara shi ne inda ake saye. In ka rubuta sunan wasa a intanet, sakamakon farko sau da yawa talla ne na 'yan kayi-nayi masu sake sayarwa, kuɗinsu ya ninka, kuma wasu gidajen suna soke tikitin da aka sake sayarwa ba ta hanyarsu ba. A shiga shafin wasan kansa, ko a nemi alamar STAR, ƙungiyar dillalan tikiti da aka amince da su. Kowane dillalin gaskiya zai nuna maka ainihin kuɗin da ke kan tikitin daban, ladansa daban, da lambar layi da ta kujera kafin ka biya. Wanda ya ce sai ka biya za a gaya maka kujerarka, bar shi. A kewayen Leicester Square ma akwai shaguna masu allon "rabin kuɗi" da ba su da alaƙa da rumfar TKTS. Ita rumfar gini ce ita kaɗai a kudancin lambun dandalin.

Wani abu kuma: tikiti na wasan ne, ba na ɗan wasa ba. In fitaccen da aka zo dominsa bai fito ba ranar, mataimakinsa ya hau, ba a mayar da kuɗi. Wasu manyan jarumai ma suna da ranakun hutu da aka sani, an rubuta a shafin, a duba.

Malam na Leicester

Jama'a an yi maganar kuɗi da kujera, ba a yi ta salla ba, alhali ita ce ya kamata ta raba gardamar rana ko dare. Lokutan salla a Landan suna tafiya sosai tsakanin hunturu da bazara, kuma amsar tana juyawa da su.

A Disamba azahar tana shiga wajen 12:00, la'asar wajen 1:35, rana ta faɗi wajen 3:55. Mai wasan 2:30 zai iya yin azahar da la'asar kafin ya shiga, amma magariba za ta same shi a kujera, ya fito 5:00 isha ta kusa. Wasan dare a hunturu kuwa babu matsala ko kaɗan, duk salloli an gama kafin 7:30. A Yuni abin ya juye. Rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:20 na dare, hutun tsakiya na wasan 7:30 yana zuwa kafin 9:00, wato magariba ba ta yi ba tukuna, ta shiga ana cikin kashi na biyu. Wasan rana a bazara shi ne mai sauƙi: azahar wajen 1:00, a shiga 2:30, a fito 5:00, la'asar tana jira. A taƙaice, bazara na rana, hunturu na dare.

Wanda ya taso daga Manchester ya wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, mil wajen 200 ne, a mazhabar Malikiyya kuwa mil 48 ake nema. Batun haɗa salloli ga matafiyi kowa ya tambayi malaminsa kafin ya taso, ba a nan za a yanke ba. Wuraren salla kusa: akwai masallaci a titin Berwick cikin Soho, akwai na titin Goodge, wanda tasharsa take kan layin Northern tsakanin Euston da Charing Cross, wato kan hanyarku take. Ƙanana ne, ranar Juma'a suna cika maƙil. Ga mata da yara babban masallacin Regent's Park ya fi yalwa da wurin alwala, ana sauka a Baker Street a taka kamar minti 15. A gidan wasa dai kada a sa ran samun ɗakin salla, kuma banɗakunansu ba na alwala ba ne.

Anti ta Peckham

Allah ya saka da alheri Malam. Amma da ɗan shekara 4 wasan dare ba zai yiwu ba ko a hunturu, kafin 9:00 ya yi barci an yi asarar tikiti. Ita Maman Yara ta zaɓi watan da rana take da tsawo kawai, daga Afrilu zuwa Satumba, ta yi na rana, an huta.

Tunda an taɓo banɗaki, 'yar'uwa ki riƙe wannan. Hutun tsakiya minti 15 ne zuwa 20, banɗakunan mata a tsofaffin gidajen nan kaɗan ne, layi yakan kai har matakala. Ki kai yaran kafin a fara, kuma da labule ya sauka ki miƙe nan take, kada ki tsaya tafi. Ku isa minti 40 kafin lokaci. Akwai binciken jaka a ƙofa, akwai matakala da yawa in kuna sama, kuma wanda ya makara ba a barinsa ya shiga sai an kai wata gaɓa da suka ware. A wannan wasan kuwa makara ta minti 5 tana nufin an rasa shigowar dabbobin da Ɗan Zazzau ya faɗa, wadda ita ce yara suka fi tunawa.

Kada ku sauka a tashar Covent Garden ranar Asabar in kuna da zaɓi. Na'urar hawa ce kawai take fitar da mutane, cunkoso ya yi yawa, matakalarta kuma 193 ce, ba ta yara ba ce. Charing Cross, Embankment ko Temple duk sun fi.

Baba Alhaji

Ni tambayata daban ce. Waɗannan wasanni na kiɗa da rawa, ina tabbacin abin da za a nuna wa yara ya dace da tarbiyyarmu? Ba komai da Bature ya ce na iyali ne yake na iyali a wurinmu ba.

Ɗan Zazzau

Ranka ya daɗe, tambaya ce mai kyau, kuma akwai hanyar bincikawa. Kowane wasa yana da shafi da aka rubuta shekarun da suka dace da gargaɗin abin da ke ciki: zagi, shigar da ba ta rufe jiki ba, shaye-shaye, ƙarar bindiga, walƙiyar fitilu ga masu farfaɗiya. A karanta wannan kafin a dubi kuɗi. Akwai shahararrun wasanni a West End da suke cike da batsa da izgili ga addini, sunansu kuma ba zai nuna maka ba. In bayanin bai isa ba, a aika wa ofishin tikitin gidan tambaya kai tsaye, suna amsawa. Wanda kuma kiɗan ne ba ya so, akwai wasannin magana zalla. The Mousetrap, na binciken kisan kai, tun 1952 ake yinsa, yana gidan St Martin's. A sani kuma kowane gida yana da mashaya a ciki, mutane suna shiga da kofunansu wurin zama. Kowa ya auna wa iyalinsa.

Daga Abuja

Sannunku da ƙoƙari. Mu da za mu taso daga gida Najeriya fa, wannan tsarin na "wasa tukuna" ya shafe mu?

Hajiya Mai Lissafi

A'a ɗan'uwa, naku biza ce a gaba da komai. Ana iya neman bizar ziyara wata 3 kafin tafiya, amsa takan ɗauki wajen mako 3, tana iya wucewa lokacin cunkoso. Tikitin wasa ba ya ƙara wa takardunka nauyi, kuma in ba a ba ka ba kuɗin ya tafi. Sai biza ta fito ka saya.

Kada kuma ka sa wasa a ranar da ka sauka. Jirgin Abuja zuwa filin jirgin Heathrow awa 6 ne da wani abu, layin shige da fice ba wanda ya san tsawonsa, ga gajiya. Mutum ya biya kuɗi mai yawa ya je ya yi gyangyaɗi a wuri mai duhu da ɗumi. Ka bar shi sai kwana na biyu. Agogo: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacin Landan ɗaya ne da na Najeriya, sauran watannin Landan tana baya da awa ɗaya. Gidajen wasa da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, motocin bas na Landan ma haka, to ka tabbatar katinka yana aiki a waje kafin ka taso. Daga Heathrow layin Piccadilly yana kai ka Leicester Square kai tsaye cikin wajen minti 50, layin Elizabeth ya fi sauri zuwa Tottenham Court Road amma ya fi tsada.

Anti ta Peckham

Kuma in ka zo daga nesa haka, kada ka tsaya a West End kaɗai. Ka tsallaka kogi zuwa National Theatre, kusa da Waterloo. Dandamali uku ne a gini ɗaya, kujerunsu na zamani ne, kusan ko'ina ana gani da kyau, kuma sukan fi sauƙin kuɗi. A can aka yi wasan Wole Soyinka, Death and the King's Horseman, a 2009, aka kuma yi wasan rayuwar Fela a 2010, ana yawan samun ayyukan 'yan Afirka. Sai dai nasu ba ya shekara da shekaru, 'yan makonni ne a sauke, to sai an bi jadawali. In ka gangara bakin kogin gabas za ka iske Shakespeare's Globe, wanda aka buɗe 1997, tsakiyarsa babu rufi, lokacinsa daga Afrilu zuwa Oktoba. Tikitin tsayuwa a filin gaban dandamali fam 5 ne zuwa 10, amma tsayuwa ce ta gaske, kusan awa uku, ba a zama a ƙasa, ba a buɗe laima ko ana ruwa. A zo da rigar ruwa. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya sayi benci, ya kuma yi hayar matashi, katako ne zalla.

Maman Yara, Manchester

Allah ya bar zumunci, na ƙaru sosai. Saura otal. Mu kwana kafin wasan ko bayansa? Kuma a wace unguwa?

Ɗan Jirgi

Kafin wasan. In kun kwana a Landan daren Juma'a, babu jirgin da zai makarar da ku ranar Asabar, kun fitar da babban haɗarin daga lissafi. Ku yi wasan 2:30, ku kama jirgin 7:00, kafin 9:30 kuna Manchester. In kuma kuɗi ne abin dubawa, akwai wata dabara: wannan wasan yana cikin waɗanda ake yi ranar Lahadi da rana, su huta Litinin, alhali gidaje da yawa Lahadi suke rufewa. Daren Lahadi kuwa shi ne mafi arhar otal a mako. Lokacin hutun makaranta sai ku zo Lahadi da sassafe, ku kwana, ku koma Litinin. Illarsa jiragen safiyar Lahadi suna fara tashi a makare kuma sun fi jinkiri, to sai an duba sosai.

Unguwa kuma, ku nemi kusa da tashar da za ku koma ta cikinta, ba kusa da gidan wasa ba. Gare ku Euston, Bloomsbury ko King's Cross. Dalili kaya ne. Gidajen wasa ba sa karɓar akwati, wasu ko babbar jakar goyo ba sa bari. Otal zai ajiye muku bayan kun fita daga ɗaki, ku dawo ku ɗauka kan hanyar jirgi. In ba haka ba sai wurin ajiya na tasha, shi kuma kowace jaka da kuɗinta. Mai dawowa Leeds ko Newcastle King's Cross ne nasa, Leicester da Sheffield St Pancras, Bristol da Cardiff Paddington.

Hajiya Mai Lissafi

A kula da adadi. Ɗakin iyali a otal-otal masu sauƙi irin Premier Inn da Travelodge manya 2 ne da yara 2. Ku 5 ne, to ɗaki biyu ke nan, ko ku nemi gidan haya mai kicin. Kada a ce za a lallaɓa da ƙaramin, dokar kashe gobara ce, suna iya hana ku ɗakin. Ku ɗauki farashin da ake iya sokewa ko da ya ɗara da 'yan fam, saboda yajin aikin jiragen ƙasa, wanda sanarwarsa takan zo bayan an gama saye. Shiga ɗaki yawanci 3:00 na rana ne, wato mai wasan 2:30 a ranar da ya iso ba zai ga ɗakinsa ba sai bayan wasa, ajiye kaya kawai zai yi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta ne tare da babba, ku bi ta faffaɗar ƙofa. Ɗan shekara 12 ku saya masa katin Oyster na biyan kuɗin jirgi, ku ce wa ma'aikacin tasha ya sa masa rangwamen Young Visitor, rabin kuɗi ne har kwana 14, amma sai yaron yana wurin. Kowane babba da katinsa, kuma abin da ka taɓa da shi wajen shiga shi za ka taɓa wajen fita. In ka shiga da waya ka fita da katin roba, na'ura za ta ɗauka tafiya biyu ce da ba a kammala ba, ta caje ka mafi tsada sau biyu.

Bakatsine

Kafin a kashe duk wannan, Maman Yara ki duba ko wasan da yaran suke so yana zagaye. Manyan wasannin Landan sukan fita rangadi su yi makonni a Palace Theatre ko Opera House nan Manchester, ko Hippodrome na Birmingham, ko Playhouse na Edinburgh. Wannan ɗin ma ya sha zuwa Manchester. In kallon ne kawai manufa, jira ya fi. In kuma ganin Landan ne haɗe da shi, to a tafi.

Anti ta Peckham

Abinci kada a manta, shi ne yake makarar da mutane. Ranar Asabar tsakanin 12:00 da 2:00 duk gidajen abincin Covent Garden a cike suke, tebur na mutum 5 sai an kama tun kafin ranar. Ku zauna cin abinci 12:15, ku ce wa mai kawowa kuna da wasan 2:30, sun saba, ku nemi lissafin kuɗi tare da abincin. Na halal ya fi yawa a Edgware Road, amma ku ba hanya minti 30. A kusa da gidan wasa a tambaya ɓaro-ɓaro, wani wurin kazarsa ce kawai halal. Tuwo da shinkafa dafa-duka irin na gida sai Peckham ko Old Kent Road, wannan na daren Juma'a ne, ba na awa biyu kafin wasa ba.

Ba a shiga da abinci mai zafi, ruwan gora a rufe yawanci ana bari. Tikitin a waya yake zuwa, ki sauke shi tun a otal don sabis yana ɗaukewa a bakin ƙofa saboda taron jama'a, ki tura wa maigida kwafi ko caji zai ƙare. Hoto da bidiyo an hana da zarar an fara, ki gaya wa mai shekara 12 tun a gida. Lokacin hutu ana sayar da askirim a ƙananan kofuna cikin zauren, yaran za su gani, ki sa kuɗin guda uku a lissafi.